Ƙwan Fitila a Cikin Gangar Yaya Tanko

Tun da aka nuna haflar nan, wato bikin waƙoƙin nan, a talabijin ba ku bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Kowa ya leƙo shago sai ya ce, "Ammu Sale, ka koya mini ɗinkin ganga, ni ma a kai ni mahrajan." Jiya wani a cikinku, ba zan kama suna ba amma ga shi can yana sosa ƙeya, ya ce wai ai fata ce kawai ake shimfiɗawa a bakin itace a ɗaure. Fata ce kawai! To ku ajiye wayoyin nan ku matso. Wanda Hausarsa ba ta nuna ba, na kusa da shi ya riƙa juya masa da Larabci, don ni ba zan maimaita ba.

Fatar farko da aka ba ni a wannan sana'a ta akuya ce, a gidan maigidana Baba Ɗanjuma, can Tandabawi a nan Makka, a wani lungu da yanzu ko alamarsa babu. Ta kwana a ruwan toka, wari kamar me. Ya miƙo mini kartaji, ƙarfen da ake kankare gashi da shi, ya ce in cire gashin kaf ba tare da fatar ta san an taɓa ta ba. Shi ke nan bayanin da ya yi. Fatar ganga ba a jeme ta kamar ta takalmi, ɗanya ake sarrafa ta, saboda haka duk inda hannunka ya yi nauyi nan za ta tuna, nan kuma za ta fashe ranar biki a gaban jama'a. Idan na gama sai ya ɗaga ta ya duba a rana. In ya ga wuri ɗaya ya fi sauran haske, ba ya faɗa, ba ya zagi, sai ya jefa ta gefe ya miƙo wata. Na daɗe ina wannan kankara kafin ya yarda in riƙe basilla, har gemu ya fara fito mini.

Lokacin aikin Hajji muke neman fata. Ku da kuke zuwa Mina ɗaukar kayan alhazai kuna ganin tulin fatu a mayanka kuna toshe hanci, to a cikin wannan tulin muke shiga. Baba Ɗanjuma ba ya kallon fatar rago mai kitse, ya ce ba ta da murya. Akuya yake nema ramammiya, wadda ta sha yawo a duwatsu, kuma wadda mahauci mai hankali ya feɗe. Sai ya juya fata, ya shinshina, ya ja ta tsakanin yatsu, ya zaɓi ƙalilan a cikin abin da ya fi ƙarfin ƙirga. Mu dawo gida mu shanya su a inuwa a saman soro. A wancan zamani ƙofa a rufe muke aiki, ganga kuma a buhun shinkafa ake fita da ita, don ba kowa ke son ganinta a titi ba. Da wani ya ce mini wata rana gidan talabijin zai aiko mota har ƙofar shagona, da na ce rana ce ta buge shi.

Masu kawo aiki kuwa iri-iri ne. Akwai 'yan mizmar, masu wasan sanda a zagayen wuta, su kullum a gaggauce suke, yau za a kawo ganga kuma yau ake so. Akwai mata masu kiɗan biki, su sun fi kowa kunne, kuma sun fi kowa baki. Akwai alhazan da suka zo daga gida da ɗan kalangu a ƙasan akwati, zafi ya fasa shi tun a hanya. Dukansu magana ɗaya suke yi: "Wallahi da kanta ta fashe." Kuma sau da yawa gaskiya suke faɗa. Zafin Makka shi ne abokin gabar mai ganga. Iskarmu busasshiya ce, tana jan fata tana jan ta har ta ce tas. Shi ya sa duk ɗan Makka da ya san ganga, in zai yi tafiya da ita sai ya naɗe ta da jiƙaƙƙen zane. In an isa wurin biki a hura wuta, a kara ta kusa da garwashi har muryarta ta tashi. Ruwa a hanya, wuta a fili, haka muka gada. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Gangar da na fi sani a duniya ita ce ta Yaya Tanko. Wasunku sun san shi a matsayin tsohon nan mai tasi a Hindawiyya, wanda ba ya amsa sallama sai an ɗaga murya. Mu kuwa mun san shi a makaɗin da babu bikin Bahaushe a garin nan da zai yi armashi ba shi. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Kangon gangarsa, wato itacen, mahaifinsa ne ya ratso Chadi da Sudan da shi a goye. Baki ɗaya gare ta, gindinta a buɗe, a tsakanin cinyoyi ake riƙe ta, da hannu ake kaɗawa. Baba Ɗanjuma ne ke rufe ta, da ya rasu aikin ya dawo hannuna. Na san inda itacen ya ɗan tsage, na san ɓangaren da tsarkiya ke saurin sakewa.

Sai shekarar annoba ta zo. Allah kada ya sake nuna mana irinta. Harami ya zama fayau, tantunan Mina babu kowa, biki kuma aka daina. Fatun da na tara ƙwari suka cinye a soro, sabbi kuma babu inda za a samo. Ni Sale, da basillata, na koma ɗinkin takalma a zaure da kai wa mutane tukunyar gas. A shekarar ne zazzaɓi ya kwantar da Yaya Tanko, muka fid da rai, sai Allah ya tashe shi. Da aka buɗe gari ya kawo mini gangar in sake mata fata. Na gama, na miƙa masa ya gwada. Da can in ya buga sai ya karkatar da kai yana saurare kamar mai leƙen rijiya. Ranar bai karkatar ba. Ya buga da dama, ya kwantar da tafin hagu a kan fatar, sannan ya ce, "Sale, ƙara ja kaɗan." Na ja, kuma daidai ya faɗa. A nan na gane zazzaɓin ya tafi da kunnensa. Magana in an yi ta da ƙarfi kusa da shi yana tsinta, amma kiɗa ya ɓace masa. Abin da ya rage masa shi ne abin da fata ke gaya wa hannunsa. Tausayinsa ya kama ni sosai.

To mu zo kan mahrajan, wato babban taron kiɗa da waƙa. Wani gidan talabijin ne ke shirya shi a Jidda, kun san Makka ba wurin wannan ba ne. Sai su ɗauko mawaƙan da suka yi suna, waɗanda kuke ji a mota da waya, su haɗa su da okestira, wato babbar tawagar makaɗa masu karanta kiɗa a takarda, a watsa kai tsaye duniya na kallo. A cikin mawaƙan da aka gayyata akwai ɗan unguwarmu. Ku kun san shi da sunan da ke jikin allunan titi, mu kuwa Ɗan Kande muke ce masa, don marigayiya Hajja Kande mai waina ce ta haife shi. Da ƙafarsa ya zo gidan Yaya Tanko, ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa, ina wurin.

Ya matso kusa da kunnen tsohon ya ce, "Baba, waƙa na yi wa Inna. Ina so ku buɗe ta, ku kaɗai, da kiɗan da kuka yi ranar sunana. Ta sha gaya mini ranar ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi."

Yaya Tanko ya ce, "Ɗana, ka san halin kunnena?"

"Na sani, Baba. Ku za ku fara, ku tsaya, su amsa muku. In lokacin sake shigarku ya yi, mai sandan da ke jagorantar makaɗan zai nuna ku. Ido kawai za ku sa masa."

Tsohon ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce ya yarda, amma sai da Sale. Aka turo mini wani sauti guda a waya, aka ce a kan wannan murya ake son gangar ta tsaya, kada ta haura, kada ta gaza. Na zaɓi fatar da ta fi kowacce a shagon, na rufe, na ja, na daidaita ta da sautin har na gamsu. A Makka, ba shakka, babu abin da ya rage mata.

Ranar tafiya da sassafe matarsa Hajja Rabi ta fito da gangar a naɗe da jiƙaƙƙen tawul, kamar yadda take yi masa tun tana amarya. Har ta ƙara yayyafa ruwa don ta ji an ce za a yi zafi. Na gani, na ce Allah ya yi mata albarka. Da ba ta naɗe ba ma ni da na naɗe. Duk cikinmu babu wanda ya tsaya ya tuna cewa gari muka nufa na bakin teku. Muna sauka daga mota a Jidda tabarauna ya yi hazo, riga ta manne mini a baya, amma hankalina bai kai kan ganga ba, don abin da na gani a cikin zauren ya ɗauke shi.

Kai, yara! Talabijin ba ya nuna muku komai. Dandali ne cike da mutane, maza da mata, baƙi da fari, kowa da kayan kiɗansa da takarda a gabansa. Goge ƙanana a kafaɗa jeri-jeri, goge manya waɗanda suka fi mai su tsawo, sai an tsaya ake goga su. Ƙahonin tagulla a nannaɗe suna walƙiya. Tambura kamar tukwanen girkin biki. Sama kuma kyamarori na yawo a kan dogayen hannuwan ƙarfe ba wanda ke riƙe da su. Kowa na gwada nasa, hayaniya kamar kasuwa. Can sai wata mata siririya ta ɗaga wata 'yar baƙar algaita ta busa sauti ɗaya tak. Wallahi sai duk wannan kasuwa ta bi ta. Kowa ya murɗa nasa, ya saurara, ya murɗa, har suka zama murya guda, sannan aka yi tsit. Ni da na saba makaɗa uku ma sai an yi rigima kafin su daidaita, na tsaya baki buɗe kamar baƙauye.

Bayan azahar aka kira mu gwaji. Na warware tawul, Yaya Tanko ya zauna a kujerar da aka ajiye masa gaba-gaba, ya saka ganga a cinya. Mai sanda, wanda suke kira mayistiro, ya sunkuyar masa da kai cikin girmamawa. Tsohon ya ɗaga hannu ya buga. Buf! Kamar an doki jiƙaƙƙiyar katifa. Shi ya riga mu sani, don kafin sautin ya gama mutuwa ya juyo ya dube ni. Fatar ta sha ruwan tawul, ta zo ta sha na iskar Jidda, ta saki ta yi laushi. Mai kula da sauti, da abin ji a kunnensa, ya girgiza kai daga can nesa.

Na ce abu mai sauƙi ne, a ba ni wuta. Na tambayi inda zan sami ɗan gawayi. Jami'in da ke kula da gobara a wurin ya dube ni kamar na ce a kawo raƙumi. Ya ce, "Ya Hajji, ko ashana ba ta shiga ginin nan." Na ɗauki ganga na fita ƙofar baya na kara ta a rana. Rana na da zafi, amma iskar jiƙe take. Muryar ta ɗan tashi, kafin in ratsa sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, in kai ta dandali ta sake kwantawa. Na sake fita, na sake dawowa, duk ɗaya. Ga shi an ce waƙar a tsakiyar shiri take, ganga kuma dole ta zauna a dandali tun farko, don in kyamara ta fara aiki babu mai shiga babu mai fita. Wani zai ce me ya hana ka ja tsarkiya? Ja jiƙaƙƙiyar fata ka gani. Ko ta yage a baki nan take, ko ta jira sai ta bushe ta fashe a tsakiyar waƙa.

Mai shirya shirin, wata mata mai fara'a da rediyon oba-oba a hannu, ta zo ta durƙusa gaban Yaya Tanko. Ba ta yi mana rashin mutunci ba ko kaɗan, aikinta take yi. Ta ce zuwa la'asar dole a yanke shawara: ko Baba ya kaɗa gangar roba, irin wadda sanyi da zafi ba su dame ta ba, ko kuma babban mai ganga na okestira ya buɗe waƙar. Aka kawo ta robar. Yaya Tanko ya karɓa, ya buga, muryarta tas, babu laifi. Ya kwantar da tafin hagu a kanta. Ya sake bugawa, ya sake kwantarwa. Sannan ya miƙo mini ita ya ce a hankali, "Sale, wannan ba ta ce mini komai."

Wanda ke da kunne zai iya kaɗa kowace ganga. Shi kuwa a kan roba makaho ne kuma kurma, ba zai san ya yi daidai ko ya kauce ba, kuma duniya na kallo. Ya tashi ya cire sabuwar babbar rigar da Hajja Rabi ta sa aka ɗinka masa, ya ninke ta a hankali. Ya ce in nemo mana mota mu koma gida kafin magariba. Ɗan Kande ya riƙe hannunsa yana cewa, "Baba, don Allah." Ni kuma na zauna a kan akwati da ganga a gabana, raina ya ɓaci matuƙa. Na san shekarunsa, na san kunnensa, na san ba za a sake kiransa irin wannan wuri ba.

Sai ga wani dattijo mai furfura ya taso daga bayan dandali. Ustaz Magdi sunansa, Bamisire, shi ne babban mai gangan nasu. Ku lura, shi ne fa wanda za a ba buɗe waƙar in mun tafi, shi kyamara za ta haska. Ya yi sallama, ya nemi izini kafin ya taɓa gangar. Ya juya ta, ya shafa bakin, ya kai hanci ya shinshina fatar, daidai yadda Baba Ɗanjuma ke yi.

Ya ce, "Akuya ce?"

Na ce akuya ce.

"Wa ya ɗinka?"

Na ce ni ne.

Ya gyaɗa kai ya ce in jira shi. Ya dawo rungume da tasa gangar, ta yumɓu, mai fatar kifi. Ya kifa ta ya ce in leƙa. Na leƙa. Ƙwan fitila ne a ciki! Ƙaramin ƙwai irin na da, mai zafi, a ɗaure da waya a tsakiyar cikin gangar, da igiyar lantarki, da wani ɗan maɓalli da ake murɗawa a ƙara haske ko a rage. Ya ce shi ɗan bakin teku ne, haka mahaifinsa ke yi, haka duk masu fatar kifi ke yi a garinsu. La ilaha illallahu! Wuta ce babu hayaƙi, babu garwashi, kuma tana tare da ganga duk inda take. Ni da nake ganin na ƙure sana'ar nan, ban taɓa ji ba, ban taɓa gani ba. Kafin in rufe baki ya fara kwance ƙwan daga tasa.

Na ce, "Ya Ustaz, kai fa?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ni ina da kunne. Yau roba ta ishe ni."

Aiki ya tashi. Na lanƙwasa waya na yi wa ƙwan mazauni, na ɗaure da tsarkiya ta kowane ɓangare don kada ya taɓa itace ko ya kusanci fata. Mai lantarki ya jawo igiya ta ƙarƙashin dandali. Jami'in gobara ya zo ya sa hannu a ciki, ya duba, ya sake dubawa, ya ce ya yarda. Ustaz Magdi ya roƙi matar nan mai algaita, ta zo ta tsaya a kanmu tana busa sautin da aka turo mini. Muka kunna. Wannan aiki ba ya son gaggawa. In zafi ya yi yawa fata ta bushe gefe ɗaya ta fashe, to an gama. Shi yana saurare da kunne, ni ina kallon launin fatar yana komawa daga duhu zuwa fari ina taɓa tsarkiya, Yaya Tanko kuma tafinsa na kai, yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa. Muryar ta riƙa hawa kaɗan-kaɗan. Ana kiran sallar la'asar Ustaz Magdi ya ɗaga hannu ya ce, "Bas," wato ya isa. Yaya Tanko ya ɗauke tafinsa daga kan fatar. Ya miƙa hannu ya ɗauki rigarsa ya warware.

Kun ce kun neme ni a talabijin ba ku gan ni ba. Ina za ku gan ni? Baƙaƙen kaya aka sa mini, aka tsugunar da ni a bayan wani katako, da maɓallin nan a hannu. Da aka buɗe ƙofa bayan magariba jama'a suka cika zauren, numfashinsu kaɗai ya isa ya sauke fata. Ni ba ni da ikon taɓa gangar. Ustaz Magdi ne ke kusa da ita, yakan ɗan ƙwanƙwasa ta lokacin tafi, in ya ɗaga mini gira in ƙara, in ya sauke in rage. Haka muka yi ta yi, waƙa bayan waƙa. Gwiwoyina suka mutu, gumi ya jiƙa ni cikin wannan sanyi. Kiɗan da aka yi kafin namu an ce ya yi daɗi, ni girar Bamisire kawai na gani.

Da lokaci ya yi aka kashe fitilu duka. Sai ga abin da babu wanda ya shirya: ƙwan da ke cikin gangar ya haskake fatar, ta yi ja kamar garwashi a cikin duhu, ga inuwar hannun Yaya Tanko a kai. Wannan ne kuka gani kuka ce ado ne na 'yan talabijin. Ya buga. Allahu Akbar! Muryar ta fita ta cika wannan ƙaton zaure, tsaf, a kan sautin da ake so. Ya yi kiɗan sunan nan, wanda ni ma na sani tun ina saurayi, kiɗan da iyayenmu suka zo da shi a ƙafa. Ya kai ƙarshe ya tsaya, ya kwantar da tafinsa a kan fata.

Mai sanda ya sauke hannu. Manyan gogen nan suka fara, can ƙasa, har katakon da nake tsugune a kai ya kama rawa. Ƙananan suka bi, ƙahonin tagulla suka shigo, tamburan suka ɗauka. Kiɗan Yaya Tanko suke mayar masa, shi ɗin dai, wanda muke yi a lungu ƙofa a rufe, amma ya zama kamar hadari ya taso. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ɗan Kande ya buɗe baki ya kira uwarsa, a cikin Larabcin ya sako Hausa, na ji wasu mata a can baya sun rangaɗa guɗa.

Sai na dubi Yaya Tanko, na ga idonsa a rufe. Innalillahi! An ce masa ya sa wa sanda ido. Wurin shigarsa na matsowa, mai sanda ya juyo yana nuna shi, shi kuwa ido a rufe ruf, tafi a kan ganga. Na so in yi ihu. Ustaz Magdi ya ɗaga hannu zai rufa masa asiri. Kafin ya sauke, tsohon ya shigo, daidai wurin, ko gashi bai kauce ba. Haka ya yi ta shiga yana fita tare da su har ƙarshen waƙa, bai buɗe ido ba. Jama'a suka miƙe tsaye. Makaɗan okestira suka riƙa buga ƙafa a katako, an ce mini haka suke yaba wa nasu.

A bayan dandali na same shi zaune da gangar a cinya, an cire mata igiya. Na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Haba Yaya! Ka kusa kashe ni. An ce ka dubi sanda, ka rufe ido?"

Ya ce, "In yi me da sandarsa? Ai na ji su."

Na ce, "Da wane kunnen?"

Ya kama hannuna ya ɗora a kan fatar, da sauran ɗuminta. Ya ce, "Da suka shigo, ita da kanta ta kama rawa a ƙarƙashin hannuna, ban taɓa ta ba. Muryarsu da tata ɗaya ce, duk abin da suka faɗa sai ta gaya mini." Ya goge ido da hannun sabuwar rigarsa. "Sale, tun zazzaɓin nan ban ji kiɗan kowa ba sai nawa. Yau na ji na mutane."

Ustaz Magdi ya ƙi karɓar ƙwansa. Ga shi can rataye a saman ƙofa, kuna wucewa ƙarƙashinsa kullum. To kai mai sosa ƙeya, da ka ce fata ce kawai, tashi. Akwai wata a bayan shago ta kwana a ruwan toka. Ga kartaji. Ka cire gashin kada ta san an taɓa ta.